Ƙaramin Jirgin Sintiri na Yaƙin Teku: Tsarinsa da Makamansa



Jawabin yau bisa wani ƙaramin jirgin ruwa ne na yaƙi, irin wanda Amurka ta yi aiki da shi cikin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1941 zuwa 1945. Watakila wani ya ce, me ya gama mutumin tudu da jirgin teku? To, yaƙin da aka yi da Japan ba baƙo ba ne ga mutanen ƙasar nan, gama sojan Arewa sun gwabza da ita cikin dazuzzukan Bama. Banda wannan kuma, wanda ya lura da yadda aka tsara jirgin zai gane abin da ke riƙe da kowace ƙaramar runduna, watau mutane kaɗan, kaya ƙidayayyu, da labari mai isa a kan kari. Za a bayyana jikin jirgin, da ɗakunansa, da injunansa, da makamansa, sa'an nan a ba da labarin abin da ya sami ɗaya daga cikinsu.

Sunansa da girmansa

Amurkawa suna kiran irin jirgin nan da haruffa biyu, P da T, taƙaitawar sunan da ke nufin jirgin sintiri mai ɗauke da nakiyar ruwa. Ba a raɗa musu suna kamar manyan jirage, sai dai a ba kowanne lamba. Wanda ya fi shahara shi ne PT-109. Kamfanin Elco ne ya ƙera shi a garin Bayonne, kusa da birnin New York. An fara aikinsa ran 4 ga Maris 1942, aka tura shi ruwa ran 20 ga Yuni na wannan shekara. Kafin yaƙi ya ƙare kamfanin ya ƙera irinsa 326.

Tsawonsa ƙafa 80, watau yadi 27 ba kaɗan. Faɗinsa ƙafa 20 da inci 8. In an cika shi da kaya nauyinsa ya kan ɗara tan 50. Ruwan da ya kai tsayin mutum ya ishe shi wucewa, saboda haka ya kan kutsa lungun tsibirai inda manuwa, watau babban jirgin yaƙi, ba ta isa ta bi ba. Mutanen cikinsa hafsa biyu ne ko uku, da sojan ruwa 10 zuwa 14.

Hakimai sun san bambancin dokin lifidi da dokin da aka ɗaura wa sirdi kaɗai. Mai lifidi ya dogara ga kaurin abin da ya rufe shi, amma ba shi da sauri. Wanda ba shi da lifidi kuwa, tsirarsa tana ga ƙafar dokinsa da idonsa. Manuwa ita ce mai lifidi. Ƙaramin jirgin nan shi ne ɗayan. An hana shi sulke da gangan domin a ba shi gudu, kuma duk abin da za a faɗa nan gaba daga wannan ciniki ya taso.

Jikinsa

Ba da ƙarfe aka yi shi ba, da katako ne, na wani itace ɗan'uwan maɗacin ƙasar nan. A kan jera siraran katakai a karkace, a shimfiɗa ƙyalle mai danƙo a kansu, sa'an nan a jera waɗansu katakan a gicciye bisa na fari, a ɗaure su da dubban ƙusoshin tagulla. A kife ake haɗa gangar jikin, sai an gama a birkice ta. Amfanin katako shi ne rashin nauyi, ga shi kuma in harsashi ya huda shi kafinta ya iya toshewa a sansani ba sai an koma ma'aikata ba. Aibinsa kuwa a fili yake: ba ya tare harsashi, kuma wuta abincinsa ce.

An raba cikinsa da bangaye waɗanda ruwa ba ya ratsawa, domin in ɗaki ɗaya ya cika sauran su riƙe jirgin. A tuna da bangayen nan, za a sake jin labarinsu.

Ɗakunansa daga goshi zuwa baya

Wanda ya shiga ta goshin jirgin zai fara tarar da wani ɗan lungu na ajiye igiya da sarƙar anga, da makewayin sojoji. Daga nan sai ɗakin kwanansu, gadaje takwas a jikin bango, wani bisa wani, da tebur a tsakiya. Gaba kaɗan ga madafi, wanda mutum ɗaya kaɗai ya ke iya juyawa a ciki, da murhu na lantarki da ɗan akwatin sanyi. Daura da shi ga ɗakunan hafsoshi biyu, kowanne bai fi shigifa ba.

In an hau 'yar matakala sai ɗakin taswira. Nan wayar iska ta ke, da taswirorin teku, da tebur na auna hanya. Bayansa, a sarari, ga mazaunin matuƙi, inda shugaban jirgi ke tsayawa da sitiyari da kamfas da sandunan ƙara wa injuna wuta. Ba rufi a kansa, iska da feshin ruwa suna dukansa dare farai.

A tsakiyar jirgin akwai wani ɗaki na hutawa da rana. Ƙarƙashin daɓensa kuwa tankunan mai ne. Watau sojan da ya kishingiɗa a nan, bisa fetur ya kwanta. Bayan tankuna sai ɗakin injuna, sa'an nan wani lungu na ƙarshe inda ƙarafan juya jirgi da kayan gyara su ke. Iyakar gidan ke nan. Ba wurin da aka bari banza, kuma ba abin da aka ɗora sai an auna nauyinsa da gudun da zai rage.

Injuna da mai

Injuna uku ne, ƙirar kamfanin Packard, kowanne da silinda 12 da farfelarsa. A farkon yaƙi ƙarfin kowanne ya kai na doki 1,200, daga baya aka kai shi 1,500. In jirgin sabo ne, injuna lafiya, ya kan yi mil 47 cikin sa'a ɗaya, ya ɗaga goshi sama yana sulɓi bisa ruwa. Amma a bakin daga ba kullum a ke samun haka ba, domin gansakuka da ƙananan halittun teku su kan manne wa cikinsa, kayan gyara kuma su yi wuya, sai gudu ya ragu.

Abin da ya ke sha fetur ne mai ƙarfi irin na jirgin sama. Tankunansa suna ɗaukar galan 3,000 na awon Amurka, watau garwa fiye da 600. In an sake masa linzami duka ya kan sha kusan galan 500 cikin sa'a, man ya ƙare cikin sa'a shida. Saboda haka shugaban kirki ba ya gudu sai da dalili.

Akwai abu biyu da ya kamata a riƙe game da injunan nan. Na fari, matuƙi yana iya ƙara wuta daga sama, amma sa giya aikin makaniki ne a ƙasa. Sai an aika masa da alama, ya gani, ya ja sanda da hannunsa, cikin zafi da ƙarar da ba a jin magana. Na biyu, ruwan tekun ƙasashen zafi ya kan yi sheƙi da dare in an motsa shi, har jirgi mai gudu ya bar farar hanya a bayansa, jiragen saman Japan su bi ta su sako bam. Don haka masu sintiri su kan lallaɓa da inji ɗaya, su karkatar da hayaƙi cikin ruwa domin rage ƙara. Dabara ce mai kyau ta ɓuya, amma mai lallaɓawa da inji ɗaya ba ya iya zabura nan take.

Makamansa

Babban makaminsa nakiyar ruwa ce, wadda Turawa ke kira tofido. Guda huɗu ya ke ɗauka, biyu dama biyu hagu, kowace cikin bututun ƙarfe a kwance bisa jirgi. Kaurinta inci 21, tsawonta wajen ƙafa 21, nauyinta ya fi tan ɗaya. Ita kanta ƙaramin jirgi ce mara matuƙi: albarushi a ka, tukunyar iska a tsakiya, inji da farfela a wutsiya, da wani ƙarfe mai juyi kamar katantanwar yara wanda ke hana ta karkacewa. In za a harba, a kan murɗa bututun ya ɗan dubi waje, a saita jirgin kansa, sa'an nan a tunkuɗa ta da albarushi. Guda ɗaya in ta sami manuwa a ciki ta isa ta nutsar da ita. Dalilin ƙera jirgin ke nan, a ce jirgin mutum goma sha ya kashe na mutum ɗaruruwa.

Sai dai irin da aka ba su da fari tsohuwar ƙira ce ta zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba ta da sauri sosai, sau da yawa ta kan bi ta ƙarƙashin abin hari, ko ta buge shi ta ƙi fashewa. Wani lokaci kuma man da aka shafa cikin bututu ya kan kama wuta wajen harbi, ya tona asirin jirgin cikin duhu.

Na biyu, bindigogi masu jigida huɗu, bakin kowace rabin inci. An haɗa su biyu biyu cikin wasu zagayayyun mazaunai kamar ganga, ɗaya a dama kusa da matuƙi, ɗaya a hagu ta wajen baya, domin kowane gefe ya sami mai tsaro. An kewaye kowane mazauni da lanƙwasasshen ƙarfe mai tare bakin bindiga, don kada maharbi cikin zafin faɗa ya juya ya harbi nasa jirgin. Masu ƙira sun san mutum ya kan ruɗe, sai suka sa ƙarfe ya tuna masa.

Na uku, wata 'yar igwa a baya, ƙirar Oerlikon, bakinta milimita 20, mai cin harsashi 60 cikin gwangwani ɗaya. Aikinta kakkaɓo jirgin sama da huda ƙananan jiragen ruwa.

Na huɗu, gangunan nakiya waɗanda a ke mirginawa cikin ruwa su fashe in sun kai zurfin da aka ƙayyade. Domin jirgin ƙarƙashin ruwa aka yi su, amma an fi jefa su gaban manuwar da ta biyo baya don ta ja da baya. Na biyar, tukunyar hayaƙi a can ƙarshen jirgi. In an buɗe ta, wani ruwan magani ya kan fito ya gamu da laimar iska ya zama farin hazo mai kauri, jirgi ya ɓace a ciki. Akwai kuma bindigogin hannu, da rigar iyo ga kowane mutum, da ɗan kwalekwalen tsira a goshi.

Abin da PT-109 ba shi da shi kuwa, shi ne rada, na'urar nan mai aika igiyar lantarki cikin duhu ta dawo da siffar abin da ta tarar. A tsakiyar 1943 jirage kaɗan ne suka samu.

Daren 1 ga Agusta 1943

A tsibiran Solomon, gabas da ƙasar New Guinea, manuwoyin Japan sun saba zuwa da dare su kai wa sojansu abinci da ƙarin mutane a tsibirin Kolombangara. Shugaban PT-109 a lokacin wani ƙaramin laftanan ne mai shekara 26, John F. Kennedy. Kafin fitarsu ta ƙarshe, mutanensa sun samo wata igwar sojan ƙasa ta harbin tankar yaƙi, mai baki milimita 37, suka ɗaure ta da igiya bisa katakai a goshin jirgi, a wurin da kwalekwalen tsira ya ke.

Daren nan jirage 15 suka fita daga sansaninsu na Rendova domin tare manuwa huɗu a mashigin Blackett. Huɗu kaɗai ke da rada. Ba wata, duhu kamar a kama. An kuma yi umarni a taƙaita magana ta wayar iska don kada abokan gaba su ji. Masu rada suka hangi manuwoyin, suka kai hari, suka harbe nakiyoyinsu, suka koma sansani kamar yadda aka umarce su. An harba nakiya wajen 30 a daren, ko ɗaya ba ta sami kome ba. Mafi muni, masu ido sun tafi sun bar makafi a fage, ba tare da cikakken labarin abin da ya wuce ko abin da zai dawo ba.

Wajen ƙarfe biyu da rabi na dare, PT-109 yana lallaɓawa da inji ɗaya, sai wani maharbi ya yi ihu, ga jirgi nan. Manuwa ce mai suna Amagiri, mai nauyin tan wajen 2,000, tana komawa da gudu. Tsakanin ganinta da karo bai wuce daƙiƙa goma ba. Kennedy ya murɗa sitiyari domin ya saita nakiya, jirgi bai amsa da sauri ba. Hafsan da ke wajen sabuwar igwa bai sami damar ɗura ta ba. Manuwa ta ratsa jirgin ta gefen dama ta raba shi, fetur ya watsu bisa ruwa ya kama wuta. Nakiya huɗu, bindiga huɗu, igwa biyu, ba wadda ta yi ko tari.

Cikin mutum 13, biyu suka halaka nan take. Jiragen da ke kusa suka ga wutar, suka ɗauka ba wanda ya tsira. Amma bangayen nan da aka ambata sun riƙe goshin jirgin bisa ruwa, mutum 11 suka taru a kansa har rana ta yi. Da ya fara kifewa, ga kuma tsibiran kewaye cike da sojan Japan, sai suka yanke shawarar iyo zuwa wani ɗan tsibiri da ba kowa, mil uku da rabi daga nan. Kwalekwalen tsira babu. Katakon da aka ɗaure igwa a kai shi suka rungume suna turawa. Makanikin da ke ɗakin inji ya ƙone ƙwarai, ba ya iya iyo, sai Kennedy ya ciji igiyar rigar iyonsa ya ja shi, sa'a huɗu ko fiye, har gaci.

Wasiƙar ɓawon kwakwa

A bisa dutsen Kolombangara akwai wani hafsa mutumin Ostareliya, Reginald Evans, wanda ke ɓoye yana duban motsin Japan yana aikawa da labari. Ya ga wutar a daren, ya baza 'yan ƙasa masu yi masa leƙen asiri su duba. Biyu daga cikinsu, Biuku Gasa da Eroni Kumana, samari ne masu kwalekwalen itace irin na sassaƙa. Ran 5 ga wata suka iske mutanen a tsibirin Olasana, inda suka koma saboda kwakwa, yunwa da ƙishirwa sun galabaitar da su.

Ba su jin harshen juna sosai. Gasa ya nuna wa Kennedy ya yi rubutu a jikin ɓawon ɗanyar kwakwa, shi kuwa ya zana da wuƙa. Kalmomin ba su kai 20 ba, amma sun ƙunshi abu biyar: sunan tsibiri, da cewa mai ɗauke da saƙo ya san wurin kuma ya iya jagora, da cewa mutum 11 suna da rai, da cewa ƙaramin jirgi a ke bukata, da sunan mai rubutu. Wani hafsan kuma ya ƙara da takarda ta fensir. Samarin nan suka tuƙa fiye da mil 30 ta ruwan da Japan ke sintiri, alhali sun san in an kama su da saƙon kashe su za a yi. Da asubar 8 ga Agusta jirgi mai lamba PT-157 ya kwaso mutanen duka.

Kennedy ya zama Shugaban Amurka a 1961, ya ajiye ɓawon nan bisa teburinsa har aka kashe shi a 1963. Daga baya aka kai shi gidan adana kayan tarihinsa a Boston. Gasa ya rasu a 2005, Kumana a 2014. A 2002 masu binciken teku ƙarƙashin Robert Ballard suka gano bututun nakiyar jirgin kwance a zurfin ƙafa wajen 1,200.

Gyaran da aka yi

Daga ƙarshen 1943 aka yi ta sake wa jiragen nan kaya. Aka cire bututun nan masu nauyi, aka kawo sabuwar nakiya irin ta jirgin sama wadda a ke mirginawa ta gefe ba tare da walƙiya ba. Nauyin da aka rage aka mayar da shi ga igwa mai baki milimita 40 a baya, da mai 37 a goshi, har da rokoki. Rada kuma ta wadata. Aikinsu ya koma farautar kwalekwalen dakon kaya na Japan a bakin gaɓa, kuma a nan ne suka fi yin amfani. Da yaƙi ya ƙare a 1945, aka ga riƙon jirgin katako mai shan mai haka asara ne, aka kwashe kayan fiye da 100 aka ƙone su a bakin tsibirin Samar na ƙasar Filifin. Kaɗan suka rage, cikinsu har da PT-617 da aka ajiye don kallo a garin Fall River.

Abin da ya shafi hakimai da malamansu

Jirgin nan bai rasa makami ba, labari ya rasa. Waɗanda suka gani ba su isar wa waɗanda ba su gani ba, aka yi asarar rai biyu da jirgi. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Hakimin da ya sami labarin fara, ko ciwon bushiya, ko sanƙarau, ko ambaliya, ya aika wa Sarki amma ya bar maƙwabcinsa na gunduma cikin duhu, ya yi irin abin da masu rada suka yi. Wanda kuma ya kawar da tanadin tsira domin ya sami wurin abin da ya fi cika ido, ya tuna da kwalekwalen da aka sauke saboda igwar da ba ta yi harbi ko ɗaya ba.

Malaman hakimai kuwa, ɓawon kwakwar nan ya ishe su misali. Takardar gaggawa ta faɗi wuri, da adadi, da abin da a ke bukata, da wanda ya san hanya, da sunan mai aikowa. In ta cika waɗannan, ko a kan ɓawo aka rubuta ta, ta yi aiki. Kada kuma a rena ɗan aike don tufafinsa ko harshensa, gama hafsoshi da injuna masu ƙarfin dubban dawaki sun kasa, samari biyu da filafili suka kai saƙo.

Allah ya kiyashe mu da sakaci, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.